Wasiƙa Zuwa Ga Yaya: Yadda Aka Yi Min Tiyatar Rage Ƙiba A Ingila

Assalamu alaikum Yaya. Ina fatan kuna lafiya. Ya jikin Hajiya, ya yara, ya kuma hunturun da na ji an ce ya fara busowa a Kano? Mu ma nan Manchesta lafiya lau, sai godiyar Allah.

Saƙon muryarki na ranar Juma'a sau uku na saurare shi. Kin ce likita ya ƙara miki maganin suga, gwiwoyi sun mayar da ke sallah a kan kujera, kuma wata ƙawarki ta ba ki lambar wani mai haɗa mutane da asibitocin Alƙahira, wai cikin mako biyu kin je an rage miki tumbi kin dawo. Kika ce tunda ni an yi min, in faɗa miki tsakani da Allah. Maganar ta fi ƙarfin saƙon murya, shi ya sa na jira yara suka kwanta na zauna na rubuta. Yau shekara ɗaya da rabi ke nan da yi min aikin, kuma ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, ba zan ɓoye miki komai ba.

Kin san da jikina na bar gida a farkon 2021, ƙibar nan gadonmu ce ta wajen Hajiya. Amma a nan ta yi gaba. Mun sauka ana tsakiyar kullen korona, ga sanyi, ga duhu tun ƙarfe huɗu na yamma, ban san kowa ba. A kantunansu kuwa a lokacin biskit da cakuleti da lemon kwalba suna da araha, su ne kuma a jere a bakin ƙofa. Ranar da na hau sikeli a asibitin unguwarmu a 2022, kilo 121 ya nuna, ni da tsayina bai wuce mita 1.63 ba. Suga ya kama ni, jinina yana hawa, Abban yara yana cewa in ina barci numfashina yana ɗaukewa har sai ya taɓa ni. A ɗakin girkin makarantar firamaren da nake aiki, kafin a tashi ƙafafuna sun kumbura sun cika takalmi.

Bari in fara da maganar da kowa a gida yake yi, cewa asibiti kyauta ne a Ingila. Gaskiya ne tun 1948 suke da tsarin kiwon lafiya na gwamnati mai suna NHS, wanda mara lafiya ba ya biya a bakin ƙofa. Amma mu baƙi mun riga mun biya tun kafin mu hau jirgi. Kowane babba ana karɓar kuɗin lafiya a wajensa tare da kuɗin biza, na dukan shekarun da zai zauna, a dunƙule. Lokacin da muka zo fam 624 ne a shekara, daga Fabrairun 2024 ya koma fam 1,035. Ki buga da canjin yau ki gani. Ga kuma harajin da ake cirewa daga albashi duk wata kafin ya shigo hannu. Abin da ba zan musa ba shi ne, ranar da aka kwantar da ni babu wanda ya ce a kawo kafin alƙalami, babu wanda ya miƙo wa Abban yara takarda ya je ya sayo safar hannu da ruwan ƙari, ba a ce a nemo masu ba da jini ba. Na tuna lokacin da aka yi wa Baba aiki, yadda kika yini kina sintiri tsakanin wurin biyan kuɗi da kemis da leda a hannu. Wannan wahalar babu ita a nan.

Abin da ake biya da shi a nan haƙuri ne. A Kano in kina da kuɗi, yau za ki ga babban likita, gobe a yi miki hoto, jibi a sa rana. A nan ba a tsallake likitan unguwa, wanda suke kira GP. Shi zai duba ki, minti 10 ne rabonki, shi kuma zai rubuta takardar tura ki gaba. Suna da wani lissafi na nauyi da tsayi da suke cewa BMI, a raba kilo da tsayin mutum sau kansa. Nawa ya kama 45 da 'yan kai. Ƙa'idarsu ita ce wanda ya kai 40, ko ya kai 35 tare da ciwo irin su suga ko hawan jini, ana iya duba yiwuwar yi masa tiyata. A 2023 ma hukumar NICE mai tsara musu ƙa'idojin magani ta ce a sassauta ma'aunin da 2.5 ga baƙaƙen fata da mutanen Asiya, saboda mu suga yana kama mu tun nauyin bai kai na Bature ba. Na cika sharaɗi tun ranar farko, amma daga takardar likitan unguwa zuwa ɗakin tiyata shekara biyu na yi. A shekarar 2023 jerin masu jiran aiki a asibitocin Ingila ya haura miliyan 7 da rabi, to ni ma ina cikin layin. Wanda ba zai iya jira ba sai ya tafi asibitin kuɗi, inda irin aikin da aka yi min yake kamawa daga fam 8,000 zuwa 10,000 ko fiye. Wasu kuma su hau jirgi zuwa Turkiyya inda ya fi sauƙi, duk da gwamnatin Birtaniya ta sha yin gargaɗi saboda 'yan ƙasarta da suka rasu a irin waɗannan tafiye-tafiye.

Lokacin da nake cikin jiran, haushi nake ji. Yanzu da na waiwaya, shekarar farko ta jiran nan ita ce rabin maganin. Sun sa ni a wani shiri, duk wata ina ganin likitar abinci, an gwada barcina da na'ura, an zuƙi jinina ba adadi. Sai kuma wata ƙwararriya kan tunani da damuwa, wadda da farko na ƙi zuwa wajenta, na ce ni lafiyar kaina ƙalau. Tambaya ɗaya ta yi min da har yau take min yawo a kai. Ba ta tambaye ni me nake ci ba, cewa ta yi yaushe nake ci. Na yi shiru ina lissafi, sai na ga ashe yawancin cina da dare ne, bayan mun gama waya da ku. In na ji hayaniyar gidanmu ta waya, ana kiran sallar isha'i a masallacin layinmu, ina ajiye wayar sai ɗakin ya yi tsit, sai in buɗe firji. Kewa ce nake ci, Yaya, ba yunwa ba. Matar ta ce wuƙar likita tumbi kawai za ta rage, ba za ta taɓa wannan ba. Kuka na yi a gabanta.

Aiki iri biyu suka shimfiɗa min. Na farko a yanke kusan kashi 75 zuwa 80 cikin ɗari na tumbin a fitar da shi gaba ɗaya, abin da ya rage ya zama siriri kamar ayaba, shi ya sa suke kiransa da sunan hannun riga. A ɓangaren da ake cirewa ne jiki yake samar da yawancin sinadarin da ke sa jin yunwa, don haka yunwar ma takan ragu. Na biyu a ware 'yar jaka kamar ƙwai a saman tumbin, a jona ta da hanji, abinci ya riƙa tsallake sauran. Na biyun ya fi ƙarfi a kan suga, ya kuma fi dacewa da mai fama da ƙwarnafi, don na farkon yana iya ƙara shi. Ni na farkon aka yi min. Likitan ya zaunar da ni da Abban yara, ya zana tumbin a takarda, ya lissafo haɗarin ɗaya bayan ɗaya ba tare da kwana-kwana ba: zubar jini, daskarewar jini a ƙafa ko huhu, yoyon ɗinki da kan sami kamar mutum ɗaya cikin ɗari, har da mutuwa, wadda ya ce ba ta cika kai ɗaya cikin dubu ba. Ya kuma ce abin da aka yanke ba ya dawowa. Sai da na yi istihara, na kuma tambayi limamin masallacinmu, don maganar da wata ta yaɓa min cewa zan canza halittar Allah ta tsaya min a rai. Ya ce in don neman lafiya ne kuma likitoci masana sun ga dacewarsa, magani ne kamar kowane magani.

Mako biyu kafin ranar suka ɗora ni a kan madara da yogot da romo kawai. Dalilin shi ne hantar mai ƙiba takan yi kitse ta kwanta a kan tumbi, sai an sa ta ta motse kafin likita ya sami hanya. Allah Ya taimake ni mun fito daga azumin 2024 ba da daɗewa ba, jikin ya saba da rashi.

A farkon watan Mayu aka shiga da ni. Ba farke ciki suke yi ba. Ƙananan huji biyar suka yi, suka hura cikin da iska, suka zura kyamara da dogayen kayan aiki, suka ɗinke da wasu ƙananan ƙarafa da ke zama a jiki har abada. Bai kai awa biyu ba. Na roƙi a bar min kaina a rufe, suka ba ni hula ba tare da wata magana ba, a takardar abinci kuma akwai gurbin halal, akwai ɗakin sallah a ƙasa. Da na farka, ba cikin ne ya fi damuna ba, kafaɗata ta hagu ce take sara kamar ana soka min tsinke, nas ta ce iskar da aka hura ce. Kafin magariba sun tashe ni tsaye, da wata doguwar safa mai matse ƙafa, wai sai na taka zuwa ƙarshen baranda saboda kada jini ya daskare. Sai aka kawo min wani ɗan kofi da bai fi murfin filas ɗin shayi na yara ba, aka ce in riƙa kurɓar ruwa kaɗan-kaɗan. Kurɓa ɗaya na yi na ji ta tana sauka kamar tsakuwa. Ni da nake shanye kofin silba na fura a tsaye, na yi kusan rabin awa a kan wannan ɗan ruwan.

Ƙarfe takwas na dare aka ce masu ziyara su tafi. Abban yara ya tafi wajen yara, aka ja labule, aka rage fitila. Gadon yana da tsabta, akwai maɓallin da zan danna nas ta zo, kuma tana zuwa, da fara'arta. Amma babu mai ce min sannu. Babu tabarmar mai jinya a gefen gado, babu wadda za ta gyara min filo ba tare da na roƙa ba, babu 'yan dubiya da filas ɗin kunu da ledar lemo suna cewa Allah Ya sa kaffara ne. Na tuna kwanciyar Hajiya, yadda muka raba kwana ni da ke da Gwaggo, maƙwabta suna shigowa rukuni-rukuni har nas ta gaji da korarsu. A gadon da ke kusa da ni wata tsohuwar Baturiya ce, kwana biyun da na yi ban ga wanda ya leƙo ta ba. Da asuba na ce mata sannu da Turancina, ta riƙe min hannu ta ƙi saki. Kwana biyu aka sallame ni, na koma gidan da in Abban yara ya fita aiki yara suka tafi makaranta, daga ni sai agogon bango. Da a gida ne, ko tsinke ba za a bar ni in ɗaga ba. Ki riƙe wannan, don abu ne da kike da shi wanda fam dubu goma ba za ta saya min a nan ba.

An sallame ni da jakar magani da allurar tsinka jini da zan riƙa yi wa kaina a fatar ciki. Nas ɗin, ganin hijabina, ta ce ya kamata in sani ana samo irin wannan allurar daga hanjin alade, akwai kuma wata da ba ta dabba ba in na fi so. Na ji daɗin wannan gaskiyar ƙwarai. Tun daga nan na koyi juya kwalin kowane bitamin in karanta, don da yawa daga cikin masu kwanso da jelatin ake yin su, wanda daga fata da ƙashin dabba ake samo shi. Magani a Ingila fam 9.90 ne kowane guda in likita ya rubuta, amma mai suga da ke shan magani an yafe masa. Sai dai ba kamar gida ba ne da za ki aiki yaro kemis ya faɗi suna a ba shi. Mako huɗu na yi ban je aiki ba, abin da doka ta tanada na rashin lafiya a lokacin fam 116.75 ne a mako, wanda ko rabin kuɗin haya bai kai ba. Mun ɗan ji jiki a watan nan.

Cin abinci sai da na koye shi sabo kamar jaririya. Mako biyu ruwa-ruwa zalla, mako biyu abin da aka markaɗa ya yi laushi kamar koko, sannan mai taushi, sai wajen mako na shida zuwa na takwas a fara taɓa abincin mutane. Takardar da suka ba ni cike take da abincinsu, dankalin Turawa da aka dame, da wainar ƙwai, da wani kunun hatsinsu. Na koma wajen likitar abincin na ce ni ban san waɗannan ba. Matar kirki, sai ta jawo kujera ta ce in nuna mata abin da muke ci. Na buɗe waya ina nuna mata hotuna. Da ta ga tuwon shinkafa da malmalarsa sai ta girgiza kai, ta ce wannan zai cika ɗan wurin da ya rage ba tare da ya gina jiki ba. Da na nuna mata alale na ce wake ne ake markaɗawa a turara, ta ce wannan shi ne. Awara kuwa, tana jin waken suya ne ta yi murmushi, ashe suna da ita a kantunansu a cikin ruwa a roba, ba a soya ba. Abin da ake nema furotin ne, giram 60 zuwa 80 a rana, kuma shi ake fara ci kafin komai. Akwai wani yogot ɗinsu mai kauri na Girka da ba shi da maraba da kindirmo, sai dai babu ɗan tsamin nan na ƙwarya. Miyar kuka da kifi a markaɗe, farfesun kaza da aka dafa har ya saki, kunun gyaɗa ba sukari, su suka riƙe ni. Ki duba ki gani, abin da ake sayar min a nan cikin gwangwani da tsada da sunan abincin masu tiyata, a gida yana bakin layi a faranti. Kuka da daddawar da kika aiko sun yi min rana, amma don Allah kada ki sake cewa za ki ba wani kilishi ko dambun nama ya taho min da shi, doka ta hana shigo da nama da madara daga Najeriya, ƙwacewa za a yi a filin jirgi.

Dokokin cin su ne masu wuya. Ba a haɗa ci da sha, sai an ba da rabin awa tsakani. Kowace loma a tauna ta har ta zama ruwa. Lemo mai gas an yi sallama da shi. Babbar Sallah ta same ni ina mako na shida. A nan ba a yanka a gida, kuɗi ake ba mahauci a unguwar Cheetham Hill, a yanka a mayanka mai lasisi, a je a karɓo nama a kwali. Na soya wa yara, ƙamshi ya cika gidan, zuciyata ta raya min tsoka ɗaya ba za ta yi komai ba. Ko rabin ɗan yatsa ba ta kai ba. Ta tsaya min a ƙahon zuciya, ba ta sauka ba ta fito ba, yawu mai kumfa yana ta taruwa a bakina, zufa ta jiƙa ni, na durƙusa a banɗaki na fi awa ɗaya. 'Yar autata tana tsaye a bakin ƙofa tana cewa Umma ko in kira 999, lambar kiran gaggawa ta nan. Daga ranar ban ƙara yi wa dokar nan gardama ba.

Abin da ya fi naman wuya shi ne mutane. A taron suna ko walima na Hausawan nan, an cika miki faranti, kin ci cokali huɗu kin ajiye, sai kallo ya dawo kanki. Ci mana, ko girkin bai yi ba ne? A al'adarmu ƙin cin abincin mutum raini ne, kin sani. Haka da na fara zubewa, kiran bidiyo na farko da Gwaggo ta gan ni salati ta saka, ta ce me ya same ni, ko Abban yara ne ba ya kula da ni. Ban ga laifinta ba. Mu da muka tashi ana yi wa amarya kirari in ta yi ƙiba an ce ta samu hutu, 'yan mata suna shan sha-ka-fashe don su ciko, dole rama ta zama abin tsoro a idonmu. Na gaji da ɓoye-ɓoye na fara faɗa wa mutane gaskiya, kuma cikin waɗanda na faɗa wa, mata uku sun biyo ni a gefe suna tambaya.

A wata na huɗu gashina ya fara zuba, in na taje sai in ga matajin ya cika. Sun riga sun gaya min zai faru kuma zai tsaya, ya kuma tsaya wajen wata na takwas, amma ganin sa da ido daban ne. Fatar damtse da ta ciki ta saki, kuma cire ta ba ya cikin abin da ake yi wa kowa, sai mai tsananin larura. Sanyi yanzu har ƙashi nake jin sa. Ƙwarnafi yakan taso min in na ci abu dab da kwanciya. Kayana duk sun yi min yawa, telan nan kuwa kuɗin rage riga ɗaya ya kusa na sabuwa, ga shi ba su san kan ɗinkinmu ba. Atamfofina na Kantin Kwari suna nan jibge a akwati, ina saka dogayen riguna na kantin gwanjo. Bitamin kuma sun ce har ƙarshen rayuwa, da kalsiyam da bitamin D da maganin ƙarin jini, sai allurar B12 duk wata uku.

Yanzu kilona 84. Gwajin suga na wata uku, wanda a nan daga 48 ake cewa mutum yana da ciwon, ya sauko daga 68 zuwa 41, likita ya tsayar min da maganin, ya ce ciwon ya kwanta ne, a ci gaba da sa ido. Maganin hawan jini ya koma ƙwaya ɗaya. Ina zagaya filin shaƙatawa na Heaton Park da ƙafa duk Asabar, babu mai kallona, akwai ma ranar da ake ware wa mata zalla wurin ninƙaya na ƙaramar hukuma. Amma duk wannan lissafi ne. Abin da nake so ki ji shi ne wata asuba a watan Nuwamban bara. Shekara uku ina sallah a kan kujera. Ran nan na shimfiɗa darduma, na tura kujerar gefe, na ce bari in gwada. Na yi ruku'u, na sauka, goshina ya taɓa ƙasa. Na kasa ɗagowa, ba don gwiwa ba, don kuka. Azumin 2025 likita ya ce in dakata tunda ban cika shekara ba kuma ba na iya shan ruwa da yawa a lokaci ɗaya, malam ma ya ce lafiya ce gaba. Yanzu nake ramawa a wannan sanyin da rana take faɗuwa kafin ƙarfe huɗu.

To Yaya, ga inda maganar take. Ban ce kada ki je Alƙahira ba, akwai ƙwararrun likitoci a Masar, mutanenmu da yawa sun je sun dawo lafiya. Abin da ya tsorata ni a saƙonki shi ne mako biyun nan. Yankan shi ne mafi ƙanƙantar abin da aka yi min. Abin da na amfana da shi a nan bibiya ce: shekara biyu asibitin yana kirana, a zuƙi jini, a duba abin da ya ragu, a gyara, akwai lambar nas da zan kira in wani abu ya rikice, bayan nan kuma likitan unguwa zai ci gaba duk shekara. Mai haɗa ki da asibiti ba zai sayar miki da wannan ba, yana karɓar kasonsa ya gama. Ke kina da masu jinya har sun yi yawa, bibiyar ce ba ki da ita, kuma tun kafin ki sayi tikiti ya kamata ki haɗa ta.

Ki fara da likitan sugarki, ki gaya masa niyyarki. Akwai likitocin suga da na abinci a Asibitin Malam Aminu Kano, ki nemi wanda zai yarda ya riƙe ki bayan kin dawo, don maganin suga ana rage shi ne tun daga ranar aikin, in ba haka ba sugan zai iya faɗuwa ya kayar da ke. Ki tambaye shi ma ko allurar nan ta mako-mako irin su Ozempic za ta dace da ke kafin a kai ga wuƙa, sai dai tana da tsada, tana son firji, akwai jabunta a kasuwa, kuma in an daina nauyin yakan dawo. In kuma tiyatar ce, ki san sunan likitan da zai yi, ki yi magana da shi da bakinki, ki gaya masa kina fama da ƙwarnafi, don na san kina yi, wataƙila irin nawa bai dace da ke ba. Ki tambaya kwana nawa za ki zauna kafin ki hau jirgi, don yoyon ɗinki yakan bayyana bayan kwanaki, zaman jirgi kuma yana jawo daskarewar jini. Ki karɓo cikakken rahoton aikin da Turanci. In kin dawo kika ji zazzaɓi da bugun zuciya da ciwon ciki, ko amai ya ƙi tsayawa, ba maganar jiƙo ko bari mu ga gobe ba ce, asibiti za a nufa a daren. Sannan diclofenac ɗin nan da kike sha kamar gyaɗa saboda gwiwa, da ibuprofen da danginsu, bayan aikin an rabu da su, suna iya ƙwaƙule ɗan tumbin da ya rage. Ki kuma faɗa wa ƙawar taki, in tana da niyyar ƙara haihuwa, ana so a jinkirta ciki shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi.

Hajiya ma sai kin shirya ta. Na san ta, tana ganin kin ci cokali uku kin ture za ta ɗauko tuwo da man shanu ta zauna a gabanki. Ki bar ni da ita, zan kira ta ranar Lahadi in yi mata bayani da kaina, in ta ga fuskata ta ji muryata hankalinta zai fi kwanciya.

Ki ɗauki hoton sakamakon gwajinki na ƙarshe da sunayen magungunan da kike sha ki turo min. Zan haɗa miki da takardar abincin da muka gyara da likitar nan, na riga na fara mayar da ita Hausa. Akwai mai tahowa Kano ƙarshen wata, zan ba shi atamfofi biyar da sabon awona, ki kai wa telanmu ya rage min su, ki ce masa ya bar hannun da tsawo. A gaida Hajiya da Gwaggo da Abban su, a shafa min kan yara. Allah Ya ba ki lafiya, Ya zaɓa miki abin da ya fi alheri.

Ƙanwarki.